Kan jirgi ɗaya yana ɗingishi, ɗayan yana gurnani: daga ina gyara zai fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Madina ne. Wata uku ke nan da na je Jidda, na shiga kasuwar gwanjo ta Sawarikh, na ci karo da kwali cike da ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki: kan jirgi biyu, taragu bakwai, dogo da taransifoma. Don yarona na saya, amma gaskiya ni ma abin ya shiga raina. Kan jirgi na farko, mai siffar na dizal, yana tafiya amma da ɗingishi, ana jin ƙas-ƙas-ƙas, wani lokacin ma ya sauka daga kan dogo. Na biyun, mai siffar na kwal, ba ya motsi sai gurnani, ya ɗau zafi, har da wari irin na ƙonewar waya. Na ɗiga musu man keken ɗinkin maiɗakina. Na farkon bai canja ba, na biyun kuwa sai abin ya ƙaru. Giyar ce ta cinye ko moton ne ya ƙone? Ana gyarawa, ko in haƙura?"

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya raya yaron, ya yi masa albarka. Kafin komai, cire wa na biyun wuta, kada ka sake gwada shi sai ka gama karanta wannan amsa. Duk minti ɗaya da moto ya yi yana gurnani ba ya juyawa, wayar da ke cikinsa dahuwa take yi.

Tambayarka guda biyu ce a haɗe: me ke sa giya, wato faifan nan mai haƙora da ke miƙa juyin moto ga ƙafafu, ƙara da ɗingishi, kuma me ke sa moto zafi ba tare da motsi ba. Ni sana'ata gyaran agogo ce a nan Jidda, jiragen nan kuwa wani kwastoma ne ya fara kawo mini ɗaya saboda ya ga ina da ƙananan sukundireba da gilashin ido. Tun daga ranar ban rabu da su ba. Abin da na fi gani a kan teburina shi ne, da wuya moto ya mutu don kansa. Galibi wani abu ne ya riƙe masa wuya: giya da ta tsage, giris da ya daskare, zaren kafet da ya naɗe ƙafa, ko wutar da ba tasa ba. Wanda ya sa sabon moto bai cire abin da ya shaƙe tsohon ba, sabon ma zai bi sahu. Shi ya sa nake fara bincike daga soket ɗin bango, in bi ta dogo, in hau ƙafafu, in shiga giya, moto ne na ƙarshe.

Fara sanin abin da ke hannunka

Kayan gwanjo ba kasafai suke 'yan gida ɗaya ba. Mai kwali yakan tattara duk abin da ya yi kama da jirgi ya zuba wuri guda. Ɗauki rula ka auna tsakanin ƙarafan dogon biyu daga ciki. In ka sami milimita 16.5, to ko dai HO ne, wato an ƙanƙanta jirgin gaske sau 87, ko kuma OO na Ingila mai sau 76, don dogo ɗaya suke hawa. In milimita 9 ne, N ke nan, sau 160. Tunda kai ɗan Madina ne, ga wani abu da zai faranta maka: dogon Hijaz da ya iso Madina a 1908, wanda tasharsa ke Anbariyya, faɗinsa milimita 1050 ne. Raba shi gida 87, za ka sami milimita 12, kuma akwai dogo mai wannan faɗin da ake sayarwa. Duk ranar da sha'awar ta kai ka ga ƙera irin waɗancan kawunan jirgin, ka san dogon da za ka nema.

Sai ka kifa kowane kan jirgi ka duba cikinsa. Idan ka ga wani dogon ƙarfe siriri a tsakiya, mai kama da takalmin sulɓi, yana lotsawa in ka danna, wannan tsarin Märklin ne na Jamus. Su a HO ɗinsu wutar AC suke amfani da ita, har bolt 16, tana bi ta 'yan ƙusoshin da ke tsakiyar dogo, kuma ƙafafun dama da na hagu a haɗe suke ta fuskar wuta. Ɗora irin wannan a kan dogo mai layi biyu, sai wuta ta haɗu nan take. Sauran kamfanoni irin su Fleischmann, Roco, Lima, Hornby, Athearn da Kato, mafi yawan kayansu wutar DC ce, irin ta batir, daga sifili zuwa bolt 12, layin dama da na hagu su ne wayoyi biyun.

Na tsaya a kan wannan ne saboda alamar da ka faɗa ta na biyun. Moton DC idan aka ba shi AC, abin da yake yi ke nan daidai: ya tsaya cik yana kyarma, yana gurnani, yana ɗaukar zafi, don wutar tana tura shi gaba tana mayar da shi baya sau 60 a daƙiƙa. Yawancin taransifomomin nan suna da baki huɗu a baya, biyu na dogo, biyu na fitilu da makamantansu, kuma na fitilun AC ne. Na sha ganin an ɗaure wayar dogo a can. Kai naka na farko yana tafiya a kan wannan dogon, don haka da alama ba nan matsalar take ba, amma duba ɗin ba ya cin minti biyu. Ka karanta kuma rubutun jikin taransifomar. Na Amurka bolt 120 yake so, mu kuwa a nan akwai tsofaffin gidajen da ke da soket na 127 da na 220 a ɗaki ɗaya, sai ka duba a wanne ka sa shi. Na Turai mai 220 ko 230 ba shi da damuwa da wutarmu.

Gwajin da ya fi sauƙi ga kan jirgin DC shi ne batir mai bolt 9, mai kusurwa huɗun nan. Kifa jirgin a kan tsumma mai laushi, ka taɓa ƙafar dama da baki ɗaya, ta hagu da ɗayan. Ka fitar da taransifoma da dogo daga cikin zargi ke nan.

Na ɗingishi: ƙirga ƙarar

Ga yadda ƙarfi ke tafiya a ciki. Moto yana juyawa da gudun tsiya, sau dubu goma ko fiye a minti, ƙafafu kuwa ba sa bukatar ko kusa da haka. A bakin sandar moton akwai giya mai murɗaɗɗen haƙori kamar zaren sukuru, masu sana'a suna ce mata wom. Ita ke tura giya mai haƙora a gefe. Juyi ɗaya na wom mai zare ɗaya haƙori ɗaya kacal yake turawa, ke nan in giyar tana da haƙora 30, sai moto ya juya sau 30 kafin ta zagaya sau ɗaya. Daga nan ƙananan giyoyi su miƙa wa juna har zuwa wadda ke kan sandar ƙafa.

Wannan tsarin yana da wata ɗabi'a da ya kamata yaronka ya sani yau: wom tana tura giya, amma giya ba ta iya tura wom. Yaro in ya ga jirgi ya tsaya, sai ya danna shi ya tura da hannu kamar motar wasa. Ƙafafun ba za su juya ba, ƙarfin hannun sai ya ƙare a kan haƙoran roba. Ka nuna masa a ɗaga ake yi, ba a turawa.

Yanzu sami alƙalami mai tawada ka ɗiga alama a gefen ƙafa ɗaya, ka saki jirgin a hankali, kana kallon alamar kana sauraro. Idan ƙas ɗin sau ɗaya ne a kowane zagayen ƙafa, laifin yana kan sandar ƙafa. Idan ya fi haka sauri, yana can sama, a ƙananan giyoyin tsakiya. Idan kuwa a wuri ɗaya na dogo kawai yake faruwa, bar jirgin ka duba mahaɗar dogon. Daga bayaninka, ɗingishi da sauka daga dogo, zuciyata ta fi karkata ga na farkon, kuma ina kyautata zaton giyar ba cinyewa ta yi ba, tsagewa ta yi.

Dalilin kuwa shi ne, giyar roba ce, nailan ko asetal, aka cusa mata sandar ƙarfe da matsi tun daga masana'anta. Roba tana tsukewa da shekaru, ƙarfe ba ya tsukewa. Ga zafi da sanyi suna buɗe su suna rufe su, kowanne da nasa gwargwadon. Nailan kuma yana riƙe ɗan danshi a jikinsa, in ya bushe sai ya ƙara tsukewa ya yi gautsi. Ka duba rayuwar da kwalin nan ya yi: wataƙila shekaru a sito ko a kan rufin gida, sannan ranar kasuwa, sannan but ɗin mota daga Jidda zuwa busasshiyar iskar Madina, sannan ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Wata rana robar sai ta ce ta gaji, ta tsage daga ramin tsakiya zuwa waje.

In ka sa gilashi za ka ga abin da idonka. Tsagar siririya ce kamar gashi, tana bi ta tsakanin haƙora biyu, sau da yawa baƙin giris ya cika ta har ta zama kamar zane da fensir. Haƙoran nan biyu sun ɗan buɗe fiye da 'yan'uwansu. Duk lokacin da suka iso wurin giyar da ke tura su, sai a yi karo, shi ne ƙas ɗin, jirgin ya ɗan yi tsalle. Riƙe ƙafa ɗaya ka murɗa ɗayar da yatsa a hankali. In ta juya ita kaɗai, ta tabbata. Kuma saboda riƙon ya saki, ƙafafun suna iya matsowa ko su buɗe, shi ya sa yake sauka daga dogo. A HO, tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa kimanin milimita 14.4 zuwa 14.5 ake so.

Giyar da ta cinye da gaske kamanninta daban: haƙoran sun yi tsini kamar na zarto ko sun kwanta gefe ɗaya, a tsakiyarsu akwai kwari inda wom ke bi, kuma za ka ga garin roba ko na tagulla a cikin giris. Alamarta ita ce moto ya yi ta ihu jirgi bai motsa ba, musamman in ka rataya masa taragu. Abin da ke kawo ta a ƙasar nan ƙura ce. Ƙurar nan mai laushi da ke shigowa ko taga a rufe, in ta haɗu da mai, ta zama samfefa.

Gyaran giyar

Mutane da yawa gam suke fara ɗaukowa. Sufa gulu ba ya kama nailan da asetal yadda ya kamata, kuma ko ya kama, tsagar tana nan a buɗe, haƙoran ba su koma mazauninsu ba. Abin da ke aiki, in giyar tana da wuya a gefe, shi ne a cire ta daga sanda, a wanke, a ɗan faɗaɗa ramin kaɗan yadda tsagar za ta rufe, sannan a yanko ɗan zobe daga bututun tagulla a cusa a wuyan ya ɗaure ta. Na yi wannan ga jiragen da ba a samun kayansu, kuma sun yi shekaru suna tafiya. Amma in ana samun sabuwa, sabuwa ta fi. In ɗaya ta tsage, ka canja duka na kan jirgin, don ranar haihuwarsu ɗaya.

Wajen neman sabuwa abu huɗu za ka rubuta: yawan haƙora, faɗin giyar daga bakin haƙori zuwa bakin haƙori, kaurinta, da faɗin sandar da za ta hau. Ka sayi ma'aunin baniya, na auna kauri da faɗi, mai nuna lamba, shagunan kayan aiki suna da shi, ba shi da tsada. Wajen ƙirga haƙora ka ɗiga tawada a kan na farko, ko ka ɗauki hoto da waya ka buɗe shi. Daga nan akwai ɗan lissafi da ke fitar da girman haƙori, wanda ake kira modul: ƙara 2 a kan yawan haƙora, ka raba faɗin giyar da abin da ka samu. Giya mai haƙora 20 da faɗin milimita 11, 11 a raba da 22, modul 0.5 ke nan. Mai haƙora 14 da faɗin 6.4, modul 0.4. A HO waɗannan biyun aka fi gani, a N kuma har da 0.3. Giya biyu ba sa cin juna lafiya sai modul ɗinsu ɗaya. Tsagaggiya takan ɗan fi girmanta na asali, don haka in akwai lafiyayyiya a ɗaya sandar, ita za ka auna. Kayan Amurka sukan bi ma'aunin inci, lissafin ba zai faɗo daidai a kan 0.4 ko 0.5 ba. A nan gara ka nemi giyar da sunan kamfanin da lambar jirgin, wadda ke rubuce a ƙasansa ko a kwalinsa.

Kada ka yarda da "ai haƙori ɗaya ne bambancin". A kawunan jirgin dizal da yawa, moto ɗaya ke jan ƙafafun gaba da na baya. In wata sanda ta fi 'yar'uwarta sauri, kokawa za su yi ta yi da juna, moton ne zai biya.

Ina ake samu? Ta intanet daga masu sayar da kayan gyaran jiragen, shi ne hanya mafi tabbas ko da za ka jira makonni. Sai kuma mataccen kan jirgi irin naka da za ka saya don ka ci kayansa. Tsofaffin firinta da na'urar faifan CD cike suke da ƙananan giyoyi masu modul 0.4 da 0.5, ina da gwangwani guda nasu, sukan fitar da ni kunya wajen giyoyin tsakiya. Masu buga abu da injin 3D ma suna iya fitar maka, sai dai irin wadda ake yi da ruwan resin tana da gautsi, ta nailan ta fi jure wa aiki.

Wajen sa wa, kada guduma ta zo kusa. Ɗan goge bakin sandar ya yi santsi, ka daidaita giyar, ka matse su a hankali a cikin ƙaramin bayis, wato mamatsin ƙarfe, suna miƙe. In ka ji tana neman ƙarfi da yawa, tsaya ka faɗaɗa ramin kaɗan, in ba haka ba da hannunka ka shuka tsagar gobe. A wasu jiragen sandar rabi biyu ce, kowane rabi yana shiga cikin giyar ta gefensa, kuma robar ce ke raba wutar dama da ta hagu. Ka tabbatar ba su taɓa juna a tsakiya ba.

Na kwal ɗin nan kuwa, in har bincike ya kai ka ga cire masa ƙafa, yi hattara. Ƙafafunsa a ɗaure suke da sandunan gefe, kuma galibi maƙalar sandar ta dama tana gaban ta hagu da rubu'in zagaye, digiri 90, a kowace sanda daidai wa daida. In ɗaya ta goce ko kaɗan, jirgin zai riƙa cijewa a wuri ɗaya na kowane juyi. Kafin ka cire, ja layi da allura a kan bakin sandar ya haye kan ƙafar, don ka mayar da ita inda take. In ba dole ba, kada ka cire.

Na gurnani

Buɗe jikinsa a hankali. Wasu sukuru ne a ƙasa, wasu 'yan kunnuwa ne na roba da ake buɗewa da farce ko tsohon kati. Ɗauki hoto a kowane mataki. Abu na farko, raba moton da giya, ko ka sassauta shi ka ɗaga wom ɗin daga kan giyar. Yanzu tura jirgin da yatsa a kan dogo: ba moto, ya kamata ya gangara sumul. In ya ƙi, ka kama ɓarawon. Sau da yawa tsohon giris ne, ya koma kamar busasshen sabulu, rawaya, har sai an kankare shi da tsinke. Ko kuma zare. Na taɓa zaro wa wani kan jirgi abin da ya kai ƙwallon auduga na zaren kafet da gashi daga bayan ƙafafunsa, ya naɗe ya yi tauri kamar igiya, don a kan kafet ɗin majalisa mai shi yake shimfiɗa dogon. Kai ma in a kafet kake shimfiɗawa, nemi falanki ka ɗora.

Wanke giyoyin da sifirit na aisofurofil da tsohon buroshin haƙori. Fetur, tina da ruwan goge farce kada su kusanci jirgin, suna narkar da jikinsa da fentinsa.

Sannan moton shi kaɗai. Juya shi da yatsa, ka ba shi batir. Idan tsoho ne buɗaɗɗe, za ka ga amacha, wato ƙarfen da aka naɗe da jar waya, a gabanta kuma wani ɗan gangan tagulla da aka raba gida uku ko biyar, shi ne kwamiteta, da gawayi biyu da sifirin ke danna su a kansa. A nan man keken ɗinkin ya yi maka ɓarna. Mai in ya hau kwamiteta, yana haɗuwa da garin gawayi ya zama baƙin kwaɓi mai wuce da wuta, ya cike 'yan ramukan da ke raba tagullar. Wutar da ya kamata ta zagaya cikin waya sai ta yanke hanya, moto ya rasa ƙarfi, ya yi zafi, ya yi hayaƙi. Labari mai daɗi shi ne, wannan wanki kawai yake so. Fere tsinken sakace ya yi siriri, ka bi kowane rami ka fitar da baƙin, ka goge tagullar da auduga da sifirit har auduga ta daina baƙi. Kada ka sa allura, tana yin kaushi a bakin tagulla ya riƙa cin gawayi. Gawayin da ya sha mai, ka jiƙa shi a sifirit ya bushe, in ya gajarce sosai ka canja. Wajen cire sifirin ɗin, sa hannuwanka da moton a cikin farar leda, don in ya yi tsalle ya faɗa kafet, ka rabu da shi ke nan.

In kana da mita ta gwada wutar lantarki, auna tsakanin kowane yanki na tagulla da na kusa da shi. Ba lambar ce abin dubawa ba, daidaituwarsu ce. In duk sun yi kusa da juna, wayar lafiya lau. In ɗaya ya bambanta da nisa, ko dai waya ta tsinke ko ta ƙone ta haɗe. Duba inda siririyar wayar ke manne da tagulla, nan take yawan tsinkewa, kuma ɗigon dalma yana mayar da ita. Moton da sai an tura shi yake tashi, galibi ciwonsa ke nan. In kuwa wayar ta koma baƙa, tana wari ko ba wuta, ta dahu.

Akwai kuma maganaɗisu. Tsofaffin motoci irin X04 na kamfanin Tri-ang suna da maganaɗisun alniko, wanda ke rasa ƙarfi da shekaru, kuma yana rasa shi nan take in aka zare shi ko aka zare amacha ba tare da an haɗa bakinsa biyu da wani ƙarfe ba. Ni kaina na yi wannan kuskuren a farkon farawata, na wanke moto tas na mayar, ya dawo yana gudu ba kaya amma ya kasa jan tarago biyu, yana zafi. Ranar na koyi darasin. Maganinsa ko a sake cusa masa ƙarfi da na'urar yin haka, ko a sa na niyodimiyam mai girmansa. Sabon yana da ƙarfi sosai, don haka ka kula da bushin ɗin moton, wato 'yan zobban da sandarsa ke juyawa a ciki, kada su bushe.

Mita tana gaya maka lafiyar jirgi gaba ɗaya in ka sa ta a kan hanyar wuta. Moton zamani rufaffe a HO yakan ci amfiya 0.1 zuwa 0.3, tsoho buɗaɗɗe yakan kai rabin amfiya. In ka ga yana haurawa wajen amfiya ɗaya ba kaya, akwai abin da ke riƙe shi ko maganaɗisu ya mutu.

In ya tabbata moton ya ƙone, sai canji. Auna tsawo, faɗi, tsayi, da kaurin sanda, wanda yawanci milimita 1, 1.5 ko 2 ne, ka nemi na bolt 12. Mai gida biyar ya fi mai gida uku tafiya a hankali ba fizga. Wom ɗin tsohon da abin zarewa ake cire ta, in ta tagulla ce a ɗan ɗumama ta da ƙarfen dalma. Wajen zaunar da sabon, sa siririyar takarda tsakanin wom da giya, ka ɗaure moton, ka zare takardar. Wannan 'yar tazarar ita ce rayuwar giyar: in ta matse, zafi da ƙara, in ta yi yawa, wom ta aske kan haƙora. Masu jiragen Lima da Hornby masu faffaɗan moto irin na Ringfield sukan maye shi da moton na'urar CD. Yana aiki, amma yawancinsu an yi su ne don wutar da ba ta kai bolt 12 ba, kada a ƙure musu. In wata rana za ka koma tsarin dijital na DCC, dole bakin moton biyu su rabu da ƙarfen jikin jirgin gaba ɗaya.

Mai kuwa, nemi wanda aka rubuta cewa ba ya cin roba. Tsoma bakin allura, abin da ya maƙale shi ne rabon kowane bushin da kowane mazaunin sandar ƙafa. Giris kamar ƙwayar gero a kan wom, ita za ta raba wa sauran. In kana ganin mai da idonka, ya yi yawa. Feshin nan na kwance noti mai tsatsa ba man shafawa ba ne. Bayan gyara ka bar shi ya zagaya kamar minti ashirin gaba, ashirin baya, a matsakaicin gudu ba taragu, kana taɓa shi. Ɗumi ba laifi, zafin da yatsa ba ya jurewa laifi ne. Kuma ba sai an ƙure wuta ba: jirgin Haramain na tsakanin Makka da Madina, mai kilomita 300 a awa, in aka ƙanƙanta shi sau 87, bai cika mita ɗaya a daƙiƙa ba, balle na kwal.

Abin da ba na iya gyarawa

Akwai ciwo ɗaya da ba shi da magani. Ƙarfen jikin jiragen da yawa haɗin tutiya ne da ake narkawa a zuba a mazubi. In an sami gurɓacewar dalma a cikinsa tun wajen narkawa, bayan shekaru sai ya fara kumbura, ya tsattsage kamar busasshiyar laka, ya murƙushe a hannu. Danshi yana hanzarta shi, kayan da suka daɗe a Jidda kuwa sun sha danshi. In ka ga gidan giyar ya kumbura ya cije giyoyin, ko jikin roban ya tsage saboda ƙarfen ciki ya buɗe, sai dai a nemi wani ƙarfen. Sake naɗin waya ma ina yi wa manyan tsofaffin motoci masu gida uku ne kawai, ƙananan rufaffu ba na taɓawa, canji ya fi araha. Kuma duk abin da na faɗa a kan jiragenka biyu daga bayaninka na ɗauko shi, hannuna bai taɓa su ba.

Ka zaunar da yaron kusa da kai ranar da za ka buɗe su, ka ba shi aikin riƙe faranti na sukurori da ƙirga haƙora, idonsa ya fi namu. Sannan ka turo mini abu biyar: faɗin dogon, sunan da ke rubuce a ƙasan kowane kan jirgi, ko akwai takalmin sulɓin nan a cikinsa, sau nawa ƙas ɗin ke fita a zagayen ƙafa ɗaya, da abin da na kwal ɗin ya yi a kan dogo bayan ka raba shi da motonsa. Da su zan gaya maka giyar da za ka yi oda, in sha Allah.